Sabon Esi da Kaskon Hajiya

Tsohon esin da ke sanyaya ɗakin Aruna ya mutu ranar Lahadi da hantsi, washegarin da matarsa Nafeesa ta dawo daga asibiti da jaririya. Watan Agusta ne. Kafin azahar, ruwan da aka ajiye a kofi kusa da taga ya yi ɗumi kamar an ɗora shi a wuta.

Ɗakin wani yanki ne na tsohon falon baƙi a wani babban gida da ke unguwar Al Thumama a Doha, wanda aka yayyanka da bangon katako aka zuba iyalai a ciki. Bangon ba ya iya ɗaukar nauyi, shi ya sa esin ɗakin irin mai tsayuwa a ƙasa ne, dogo kamar firji, a kusurwar da ke ƙarshen gado. Aruna ɗan Aboabo ne a Kumasi, yana lodin kaya a filin jirgin saman Hamad. Wannan ce haihuwarsa ta fari, kuma ya riga ya shaida wa 'yan Zango, mutanensu na gida da ke Doha, cewa ranar Juma'a za a yi suna a gidansa. Ya aro kujerun roba ya jera su a zauren shiga, ya nemi izinin maƙwabta a kan tsakar gida.

Surukarsa, Hajiya Ajaratu, ta rufe shagonta a Kumasi ta zo da bizar ziyara don jegon 'yarta. Tun ranar da ta sauka Aruna ya kwashe tabarmarsa ya koma ɗakin wani abokin aikinsa a bayan gidan. In zai gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, idonsa a ƙasa. Ita kuma ba ta kama sunansa. In tana da magana da shi, 'yarta take gaya wa, ko da yana tsaye a wurin.

Da la'asar Jethro ya iso. Mutumin Kagoro ne, yana aiki da wani ƙaramin kamfanin gyaran esi, sun san juna da Aruna a wurin aski. Kafin ya shigo, matan suka koma ɗakin maƙwabciya da jaririyar, saboda ba a barin baƙon namiji ya tarar da mai jego a kwance. Jethro ya buɗe injin, ya fita ya duba rabinsa da ke waje, ya dawo yana goge hannu.

"Malam Aruna, wannan ya gama aikinsa. Ka yi masa addu'a kawai."

"Oga, ƙara masa gas mana. Bara ma abin da aka yi masa ke nan."

"Irin gas ɗin da yake sha, kamfaninmu ya daina ajiye shi. Kuma ko na samo maka, kwamfuresar, zuciyar injin, ta ƙone."

"To zuba masa sabon."

"Sabon gas ba ya shiga tsohon inji. Ƙarfinsa daban ne, man da ke tafiya da shi ma daban. Har bututun da ke cikin bango sai an zare an sa wani. Ku mutanen Kumasi komai sai ku ce a ƙara masa kaɗan ya kai gobe."

"Ku kuma komai sai a sayi sabo."

Sun tsaya a kan sabo. Ranar Litinin da safe Jethro ya dawo da shi a bayan mota, ya zare tsofaffin bututu, ya ja sababbi, ya haɗa famfon da ke tsotse iskar ciki ya bar shi yana ta ƙugi. Aruna ya ce a hanzarta, matan na takure a ɗakin mutane. Jethro ya ce in aka bar iska ko danshi a bututu, injin ba zai ga damina biyu ba, ko da yake a nan babu daminar.

Da ya kunna shi, sanyi ya sauko har ƙafa. Jethro ya miƙa wa Aruna rimot.

"Wannan sanyi da zafi yake bayarwa. In Janairu ya zo, ka danna nan, ya ɗumama maka ɗaki."

"Zafi. A Doha. Na gode."

"Ka ji wannan dai." Jethro ya tsuguna ya nuna wasu 'yan ramuka a gindin injin. "Sabon gas ɗin yana iya kama wuta. Bai kai na girki ba, amma yana iya. Kuma ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. Shi ya sa suka yi masa hanci a nan. Da ya shaƙi wani abu, zai kashe sanyin ya hau kuka. Kada a kawo wuta kusa da shi."

Aruna ya ce to. A daidai lokacin wayarsa na ruri, Wahid ne, yayan Nafeesa, wanda ke kula da motocin wata gona a Umm Salal, inda aka ba shi gida mai ɗaki uku da fili.

"Na ji an ce kuna gasa mini ƙanwa da uwa," in ji Wahid. "Ka kawo su nan mana. Ga wuri, ga iska. Sunan ma a yi shi a nan, khalas, shi ke nan, kowa ya huta."

"Yaya Wahid, an gyara. Sabo fil aka sa yanzun nan."

"Sabo? Esina ya girme ka a ƙasar nan, bai taɓa tari ba."

"A gidana za a yi, in Allah ya so."

Aruna ya tafi aikin rana. Yana tsakiyar sauke akwatuna saƙon Nafeesa ya shigo: injin ya tsaya, yana kuka, wani jan rubutu na walƙiya a fuskarsa. Ya kira Jethro, Jethro ya ce a kashe shi daga bango a jira kaɗan a sake kunnawa. Aka yi hakan, ya tashi. Bayan sallar la'asar ya sake tsayawa.

Ranar Talata Jethro ya zo da na'urar neman yoyo, wata 'yar sanda mai lanƙwasa da ke ƙara in ta ji gas. Kamar kullum, tun yana buɗe ƙofar gida matan suka tattara suka koma maƙwabta. Hajiya ta kwashe zannuwa da kwanuka da duk abin da bai kamata baƙo ya gani ba, ta buɗe taga da ƙofa ɗakin ya sha iska. Jethro ya bi kowace mahaɗa da sandar. Ya shafa kumfar sabulu. Ya duba agogon awon gas.

"Babu yoyo. Ko ɗigo."

"To me ya sa yake kuka?"

"Yana cewa ya ji gas. Ni kuma na ce ƙarya yake."

Suka jawo biyu daga kujerun bikin suna, suka zauna suna kallon injin har aka kira azahar. Injin bai ko yi tari ba. Jethro ya ce wataƙila hancin ne ya zo da matsala daga kamfani, zai nemo wani. Yana barin unguwar matan suka dawo ɗaki, kuma kafin Aruna ya gama shirin fita aiki, kukan ya tashi.

Da ya dawo daga aiki, Aruna ya je gaisuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa. Ɗakin ya yi zafi, fankar da aka aro tana juya iskar banza. Hajiya na riƙe da jaririyar, ta ɗaga mata haɓa ta nuna wa Nafeesa.

"Dubi wuyan yarinyar nan. Ƙurajen zafi ne. Gaya wa maigidanki, ni ban zo daga Kumasi don in ga ana dafa mini jika ba. In abin nasa bai daidaita ba zuwa jibi, ɗana na da gida."

"Mma, ana kan gyara," in ji Aruna, yana kallon tabarma.

"Gaya masa na ji."

Ranar Laraba Jethro ya sa sabon hanci. Ya tafi. Ba a jima ba injin ya tsaya. Aruna ya kira shi yana tsaye a tsakar gida cikin rana, muryarsa ta ɗaga har wani maƙwabci ya leƙo.

"Ka sa ni na jefar da injin da ya yi mini shekaru, ka kawo mini wannan mai iyayi!"

"Naka ya mutu, Malam, ba ni na kashe shi ba. Kada kowa ya taɓa komai. Kada a gaya wa kowa ina zuwa. Yalla, ga ni nan."

Wannan karon Jethro bai buga ƙofar gida ba. Aruna ya shigo da shi ta baya, suka tsaya a zauren shiga. Jethro ya ɗaga kai ya ja numfashi. Hayaƙi mai ƙamshi na fitowa siriri ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin.

"Me ake ƙonawa a ciki?"

"Turaren wuta ne. Na jego."

"Da me ake ƙona shi?"

Aruna ya matsa bakin ƙofar. Ya yi sallama, ya jira, aka ce ya dakata. Da Nafeesa ta buɗe ƙofar kaɗan, ya hango abin da bai taɓa tsayawa ya gani ba tun zuwan surukarsa. Ƙaramin kaskon ƙasa da Hajiya ta taho da shi a cikin kayanta yana ajiye a gindin esin, garwashi ja a ciki, turare na ci. Nan ne kaɗai wurin da babu gado, babu akwati, babu shimfiɗar jaririya. Kusa da shi ga kwalbar humra a buɗe.

Ya ja ƙofar ya rufe. Suka fita tsakar gida, suka raɓe a inuwar tankin ruwa.

"Ga yoyonka nan," in ji Jethro. "Hancin ba ya bambanta gas da hayaƙin turare da tururin humra. Duk abin da ya shige shi da yawa, ihu zai yi. Na yi zargin haka jiya, amma na ga ɗaki fes, taga a buɗe. Kuma ai na ce maka kada a kawo wuta."

"Na ɗauka murhu kake nufi."

"Garwashi ba wuta ba ne a Kumasi?"

Aruna ya share gumi da gefen rigarsa. "To cire hancin."

"A'a."

"Zuwa Juma'a kawai. Bayan suna ka mayar."

"Malam Aruna, ga garwashi a gindin inji, ga jaririya a ɗaki, ka ce in cire abin da zai yi ihu in gas ya zuba? Ko ɗan'uwana ne kai ba zan yi ba. Abin ma ba wuya. In za ta yi turare, a kashe injin daga bango, a kai kaskon can ƙarshen ɗaki. In an gama a fitar da shi, a buɗe taga hayaƙin ya fita, a kunna. Shi ke nan. Je ka gaya mata."

"In gaya mata."

"E mana. Ko in shiga in gaya mata da kaina?"

"Ka shiga ɗakin mai jego ka ce wa surukata kaskonta ne? Ka rufa mini asiri."

Jethro ya dube shi, ya ɗauki jakarsa. "Na gyara inji iri-iri a garin nan. Wannan ɓangaren ba a koya mana shi ba."

Aruna ya aika wa Nafeesa saƙo ta fito zauren shiga. Ta fito a hankali tana dafa bango, ta zauna a ɗaya daga cikin kujerun. Ya yi mata bayani, ya maimaita abin da Jethro ya ce kalma bayan kalma.

"Ki gaya mata ke. A hankali."

"Na gwada jiya, ban ma san da wannan ba. Cewa kawai na yi hayaƙin ya yi yawa. Ta ce tun yaushe na san abin da ya yi yawa."

"To a riƙa yi a waje."

"A ina? A nan, inda maza ke wucewa? Tsugunawa nake yi a kai, Aruna. Kuma ƙofa a rufe take so, wai don ya kama jiki. In na ce mijina ya ce, za ta ce na haihu jiya yau na fi ta sani." Ta jingina kai da bango, ta lumshe ido. "Ni barci nake so. Ko a ina ne."

A al'adarsu, in suruki na da magana mai nauyi da uwar matarsa, ba ya faɗa da bakinsa. Babba yake samu a danginta ya kai. A duk Qatar, babban da Hajiya Ajaratu ke da shi ɗaya ne. Aruna ya daɗe yana kallon lambar kafin ya danna.

Wahid ya iso ranar Alhamis da safe a farar motar gona mai buɗaɗɗen baya, ƙafafunta duk ƙura. Aruna ya tare shi a waje ya yi masa bayani sau biyu: a kashe inji, a matsar da kasko, a buɗe taga, a kunna. Ya roƙe shi ya fara da godiya, ya ce mata babu wanda ya ce a daina turare.

"Kada ka damu," in ji Wahid. "Uwata ce. Na san yadda ake mata magana."

Ya shiga ya bar ƙofar a buɗe. Aruna ya durƙusa a inda ya saba. Wahid ya gaishe ta, ya ɗauki jaririyar ya yi mata wasa, ya tambayi jikin Nafeesa, sannan ya ce, "Mma, an gano ciwon injin. Wai turarenki ne ke lalata shi."

Hajiya ta ɗago kai ta dube shi.

"Wa ya ce?"

"Mai gyara ne ya gaya wa Aruna. Wai sabon gas ba ya shiri da kasko."

"Mma, ba haka ba ne," in ji Aruna daga ƙofa. "Cewa aka yi in za a…"

"Nafeesa," in ji Hajiya, ba ta ɗaga murya ba, "gaya wa maigidanki, da kaskon nan aka yi jegona, da shi na yi na yayyenki. Ban taɓa jin ya lalata wa kowa komai ba. Tunda an sayo abin da ya fi ni daraja a ɗakin nan, ba zan zauna in ɓata masa kaya ba. Miƙo mini akwatina."

"Mma, ki tsaya ki ji," in ji Nafeesa. "Matsar da shi kawai za a yi."

"Yau a matsar da kasko, gobe a matsar da mai kaskon. Miƙo mini akwatin."

Aruna ya buɗe baki. Abin da zai faɗa jimla huɗu ne, ya haddace su tun jiya. Amma ta riga ta juya masa baya tana ninke zannuwa, kuma bai taɓa yi wa bayanta magana ba. Ya dubi Wahid. Wahid ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai ya faɗa mata, ya fita ya kawo motar bakin ƙofa.

Hajiya ta juye garwashin a yashin tsakar gida, ta zuba masa ruwa, ta naɗe kaskon a tsohon ɗankwali ta riƙe a cinyarta a gaban mota. Nafeesa ta shiga da jaririyar. Da za ta rufe ƙofa ta ce wa Aruna ya zo da wuri gobe, liman ba ya son jira.

"Kujerun fa?" in ji Wahid ta taga. "Loda su mana, tunda ga mota. Kai ne gwanin lodi."

Aruna ya loda su. Ya jera su biyar-biyar, ya ɗaure da igiya yadda ba za su motsa a hanya ba. Bayan motar ta fita, ya tsaya a inuwar tanki ya rubuta saƙo ga 'yan Zango cewa an mayar da suna Umm Salal, gidan Wahid. Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya ce can ma ya fi fili.

Ranar Juma'a da sassafe ya shiga ɗakin ya ɗauki farar rigarsa. Ya manta bai kashe esin ba tun jiya. Gadon a gyare yake, ƙamshin turaren ya kusa gushewa daga labule, kuma sanyi ya kama tayil har ya ji shi a tafin ƙafa. Wayarsa ta yi ƙara.

"Malam Aruna, barka da suna," in ji Jethro. "Wane suna aka sa wa amaryar tawa?"

"Mubarika. Ba a raɗa ba tukuna."

"Madalla. Injin fa? Ya sake kuka?"

Aruna ya dubi koren hasken da ke fuskarsa.

"Bai tsaya ba tun jiya."

"Ka gani? Na ce maka lafiyarsa ƙalau. Ka samu ka gaya wa Hajiya ke nan."

"An gaya mata."

Ya kashe wayar, ya kashe injin daga bango, ya kulle ɗakin. Daga Al Thumama zuwa Umm Salal akwai tafiya, kuma sai ya fita babban titi kafin ya samu tasi.